Ɗalibin da Ba Ya Tambaya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗaya daga cikin manyan ɗakunan lacca na jami'o'inmu, ko a Samaru ta Zariya, ko a Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, a lokacin da ake ba 'yan shekarar farko darasin nan na gama-gari wanda kowa da kowa ke ɗauka, zai ga abin da zai ba shi sha'awa, ya kuma ba shi tausayi: ɗaruruwan samari da 'yan mata sun cika kujeru maƙil, waɗansu a kan matakala, waɗansu tsaye a bakin taga, kowa da bironsa da littafinsa, malami can gaba yana karanto abin da ya rubuto daga gida, su kuwa suna ta kwafa ba ji ba gani. Sa'a biyu sai ta shige ba a ji muryar kowa ba sai ta malam, in ban da mai roƙon a maimaita jimlar da ta wuce shi. In an zo tashi malam ya ce ko akwai mai tambaya, sai ɗaki ya yi tsit, shi kuwa ya tattara takardunsa ya fita yana zaton an fahimta, su ma su watse suna zaton sun fahimta, alhali kuwa babu abin da aka yi don a jarraba ko zaton nan gaskiya ne.

Abin da ke biyo bayan wannan kowa ya san shi. Idan jarrabawa ta matso sai a koma ga takardun nan da ake kira handawut, a kwana ana haddace su, ranar jarrabawa a juye wa malam abinsa yadda ya bayar, ba ragi ba ƙari, bayan mako biyu kuwa ko an ritsa ɗalibin da tambaya a kan abin da ya ci maki mai yawa a kansa, da ƙyar ya tuna kan maganar. A haka ake yin shekara huɗu ko biyar, a sa rigar yaye, a ɗauki hoto da iyaye, a fito da digiri. Sa'an nan ranar da wani ya turo saƙo ta WhatsApp cewa ga wani ganye mai warkar da ciwon suga cikin kwana uku, ko ga makircin da wata ƙabila ta ƙulla wa wata, sai ka ga mai digirin nan ya tura shi gaba tun bai kai ƙarshensa ba, ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ya faɗa, mece ce hujjarsa, shin hukuncin da ya yanke ya biyo daga hujjar tasa kuwa, da kuma mene ne in an gan shi zai rushe maganar. Wannan tsayawar, da iya yin waɗannan tambayoyi, da jure wa amsarsu ko da ta saɓa wa abin da zuciya ke so, su ne abin da ya wajaba jami'a ta dasa a zuciyar ɗalibi, kowane fanni ya karanta, domin abin da ke cikin littafi yana tsufa, injiniya da likita da alƙali kuwa kullum a kan mas'alar da ba ta cikin handawut za su yi aiki.

Da an ɗauko wannan magana, akan sami dattijo mai kyakkyawar niyya ya ce wannan tarbiyyar Turawa ce, mu a wurinmu ladabin ɗalibi shi ne ya sunkuyar da kai ya saurara, yaro mai yawan tambayar malaminsa kuwa albarkar karatu yake zubarwa. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, amma tarihin malamanmu bai goyi bayansu ba. Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira, al'adarsa a majalisinsa na Kufa ita ce ya jefa mas'ala a tsakanin almajiransa, kowa ya kawo abin da ya gani da dalilinsa, a yi ta kai-komo har sai magana ta nuna kafin a rubuta ta; manyan almajiransa biyu, Abu Yusufa da Muhammadu ɗan Hasan Shaibani, sun saɓa masa a mas'aloli masu yawa, har ma a batun ba da gona a noma a raba amfani, wanda shi ya hana su kuwa suka halatta, fatawar mazhabarsa a kan maganarsu ta tsaya. Mu Malikawa ma ba sai mun je aro ba, domin Mudawwana, wadda ake lissafta a cikin iyayen littattafan mazhabarmu, tambaya da amsa ce tun daga farkonta har ƙarshenta: Sahnunu yana tambaya, Ibnul Ƙasim yana amsawa da abin da ya ji daga Imamu Malik, inda bai ji kome ba ya yi ƙiyasi ya faɗi nasa ganin. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda har yau ake karantawa a zaurukanmu don koyon ladubban neman ilimi, shi da kansa ya ɗora wa ɗalibi muzakara da munazara, ya fifita su a kan maimaita karatu kawai, da sharaɗin a yi su da adalci da natsuwa don neman gaskiya, kada a yi da mai son husuma.

A nan gida kuwa, babu wanda ya kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yabe shi a rubuce yabon da ba shi da iyaka. Amma da aka zo batun kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, Shehu bai bi shi ba, ya rubuta ya bayyana cewa wannan fahimta ta saɓa wa tafarkin Ahlus Sunna, ya kawo hujjojinsa, girman malam kuwa yana nan a zuciyarsa bai ragu ba. Wanda ya ce saɓa wa malami da hujja rashin ladabi ne, sai ya gaya mana yadda zai yi da wannan.

Wanda ya fi kowa sa yatsa a kan cutar tamu shi ne Ibn Khaldun, mutumin Tunis, wanda ya rubuta Muƙaddima a shekarar 1377. Ya siffanta ɗaliban ƙasar Magrib na zamaninsa, waɗanda ke shafe shekaru suna zama a majalisun ilimi bakinsu a rufe, ba sa magana, ba sa tattaunawa, himmarsu duka ta tafi ga hadda fiye da ƙima, har idan ɗayansu ya ɗauka ya gama, aka sa shi ya yi munazara ko ya koyar, sai gazawarsa ta bayyana. Ya ce muddar da aka yanka wa ɗalibi ya zauna a makaranta a can shekara 16 ce, a Tunis kuwa shekara 5, ya danganta bambancin ga kyawun hanyar koyarwa, ya kuma nuna cewa mafi sauƙin hanyar samun ƙwarewa a ilimi ita ce harshe ya saba da tattauna mas'aloli da jayayya a kansu. Shekara ɗari shida da ɗoriya ke nan, amma wanda ya karanta wannan babi sai ya rantse ɗakin laccarmu aka leƙa aka rubuta shi.

Ban ce zaurukanmu sun kuɓuta daga taƙlidi ba. Akwai inda ake sauke littafi bayan littafi ba a taɓa cewa don me ba. Amma zaure yana da wata falala guda wadda ɗakin lacca ya rasa. Almajiri yakan durƙusa gaban malam da littafinsa, shi ne zai ja baƙi da bakinsa, malam yana fassarawa yana gyara masa wasali, in ya karanta fa'ili da fataha malam ya tsai da shi nan take ya ce mene ne matsayin wannan kalma, don me ka ba ta wannan hukunci; saura kuwa suna zaune suna sauraro, kuskuren ɗaya ya zama darasin kowa. Watau a zaure malami yana jin muryar kowane almajiri kullum, ya san inda ƙafarsa ke zamewa. A jami'a kuwa mun riƙe shirun ladabi, mun yar da wannan sauraron, har malami yakan rabu da ɗalibi bayan zango guda bai taɓa jin yadda yake tunani ba.

Kada a zaci mu kaɗai wannan ya dama. Wani farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur, ya yi shekaru yana koyarwa ɗalibai suna yaba laccarsa, suna cin jarrabawarsa mai cike da lissafi mai wuya, har zuwa wajen 1990, sa'ad da ya ci karo da wata jarrabawa da David Hestenes da abokan aikinsa suka tsara, wadda ba lissafi a cikinta, tambayoyi ne na fahimta a kan motsi da ƙarfi, waɗanda a ido kamar na yara. Ya ba ɗalibansa yana tsammanin za su cinye ta a tsaye, sai ga shi da yawa daga cikinsu sun faɗi. Irin tambayoyin kuwa ga misalinsu: babbar motar kaya ta yi karo da ƙaramar mota, wace ce ta bugi 'yar'uwarta da ƙarfin da ya fi yawa? Duk ɗaliban nan sun haddace dokar Newton ta uku, wadda ta tabbatar cewa ƙarfin da kowace ta sa wa ɗayar daidai yake, bambancin ɓarnar kuwa daga bambancin nauyi da ƙirar motocin ya zo. Amma da aka tuɓe wa tambayar rigar lissafi sai suka koma ga abin da suka taso da shi, suka ce babbar ce. Haddar tana gefe guda, tunanin yana gefe guda, ba su taɓa gamuwa ba.

Maganin da Mazur ya fito da shi, wanda ya tattara a littafi a 1997, ba ya bukatar kuɗi, kuma shi ya sa nake son malamanmu su dube shi da idon basira. Malami zai yi bayani na minti goma ko sha biyar, sa'an nan ya tsaya ya rubuta tambaya guda a allo da amsoshi uku ko huɗu, tambayar da ba a amsa ta da hadda. Ya ba da minti ɗaya kowa ya yi tunani shi kaɗai, ba magana. Sai kowa ya nuna zaɓinsa a lokaci guda. A can suna da 'yan na'urori na latsawa, a nan kuwa takarda guda da aka ninke huɗu aka rubuta harafi a kowace fuska ta isa, ko ma yatsu a ɗora a ƙirji yadda na baya ba zai kwaikwayi na gaba ba. In malam ya ga kusan kowa ya dace, ya wuce. In ya ga ɗaki ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya yi ƙoƙarin gamsar da shi. Nan take ɗakin da ke tsit sai ya kaure da murya. Ka ji wani yana cewa, "Haba malam, ai kowa ya san tirela ta fi ƙarfi, ba ka ganin yadda ƙaramar ke komawa?" abokinsa kuwa ya ce, "To, in haka ne, dokar da muka rubuta jiya fa, ƙarya ce? Ka bambance ƙarfin bugu da abin da bugun ya haifar mana." Malam yana zagayawa tsakanin layuka yana sauraro, a nan ne zai ji da kunnensa irin gurguwar fahimtar da ba ta taɓa faɗo masa a rai ba. Bayan minti biyu ko uku a sake nuna zaɓi, galibi sai a ga masu dacewa sun ƙaru, sa'an nan malam ya warware mas'alar ga mutanen da yanzu suke ƙishirwar jin amsa, domin kowa ya riga ya sa bakinsa a ciki.

Hikimar abin a fili take. Malamin da ya fahimci wata mas'ala shekara ashirin da suka wuce ya manta inda wuyarta take, ta zame masa kamar abin da aka haife shi da shi. Ɗalibin da ya gane ta minti biyu da suka wuce kuwa har yanzu yana tune da ramin da ya faɗa, saboda haka shi ya fi iya nuna wa ɗan'uwansa inda zai taka. Ga kuma wata fa'ida da ta keɓanta da mu. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu abin da ke rufe musu baki Turanci ne, suna tsoron su yi kuskuren nahawu a gaban mutum ɗari biyar a yi musu dariya, 'yan mata kuwa ga kunya a kan tsoro. Amma yarinyar da ba za ta iya ɗaga hannu a gaban taro ba za ta iya jayayya da ƙawarta da ke gefenta, da Hausa ko da kowane harshe suka ga dama, kuma ban ga laifin malami ya ƙyale su ba, domin in ma'ana ta zauna a harshen uwa, fitar da ita da Turanci ƙaramin aiki ne.

Wannan hanya da makamantanta an gwada su an auna. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka tarar cewa a ajin da lacca kawai ake yi kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, a ajin da ake sa ɗalibai aiki da tunani a cikin darasi kuwa kusan kashi 22 ne. Sai dai ya kamata malami ya san abin da zai tarar, don kada ya karaya tun a makon farko. Wani bincike da aka yi a Harvard ɗin aka buga a 2019 ya nuna cewa ɗaliban da aka koyar ta wannan hanya sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa da lacca mai daɗin sauraro. Tunani wahala ne, mutum kuwa yakan ɗauki wahalar da ya sha alamar bai gane ba, ya ɗauki daɗin sauraro alamar ya gane. Lalle za a sami masu gunaguni cewa malam ba ya koyarwa, tambaya kawai yake yi; wajibinsa ne ya bayyana musu dalilinsa tun ranar farko, ya kuma daure. Babu telan da ya ƙware ta hanyar kallon maigidansa yana taka keke, sai ranar da aka zaunar da shi aka ba shi ƙyalle ya ɓata.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kashe tambaya tun ba ta haihu ba, shi ne gaggawa. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussa masu yawa a faifai ta auna, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya koma kan wani, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru, har waɗanda aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci su fara magana. Haka kuma yadda malami ke karɓar amsar da ba daidai ba shi ke hukunta ko za a sake ɗaga masa hannu. Yaro ya tashi da rawar murya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni a ganina kaza ne," malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce wa ya ba ka gurbin karatu a nan, ɗaki ya fashe da dariya: wannan malami ya rufe bakin yaron, ya rufe na duk wanda ya shaida abin, har ƙarshen zango. Da ya ce masa, "Ta yaya ka kai ga wannan?" da ya sami ƙofar shiga tunaninsa, da sauran sun koyi cewa a ɗakin nan hujja ake tambaya. Ibn Khaldun ya keɓe babi guda a kan cutarwar da tsanani ke yi wa masu koyo, inda ya nuna yana gadar da kasala da ƙarya da ɓoye abin da ke zuci.

Masu koyar da tarihi da adabi da shari'a da ilimin zamantakewa su ne suka fi kowa arzikin kayan aiki, in sun so. Maimakon a karanta wa ɗalibai labarin Bayajida a ce su rubuta, sai a ajiye musu riwayar a gabansu a ce: wane ne ya adana wannan labari, a wace fada, wa yake ɗaukakawa, wa yake ƙasƙantarwa, kuma in baƙon ya tarar da sarauniya da gari da rijiya a Daura, me wannan ke nunawa game da abin da ya riga zuwansa? Irin wannan tambaya ce Farfesa Abdullahi Smith ya yi a Zariya, sa'ad da ya ƙi yarda a ɗauki labarin baƙo guda a matsayin bayanin kafuwar daulolin ƙasar Hausa, almajirinsa Dokta Yusufu Bala Usman kuwa ya ɗora, har ya bi rubutun Bature matafiyi Heinrich Barth a kan Katsina yana auna abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, da kuma irin tabaron da ya sa ya duba. Barth ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin fatauci. A ba ɗalibai wannan adadi a ce: ta yaya baƙon da bai ƙirga kowa ba ya kai gare shi, kuma da me za mu gwada shi? Ibn Khaldun haka ya yi wa Mas'udi da waɗansu masu tarihi da suka ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000: ya gwada adadin da rundunar Farisa, daular da ta fi su girma nesa ba kusa ba, ya gwada shi da faɗin ƙasar da za ta ɗauke su, da ƙarancin kakannin da ke tsakaninsu da Annabi Yaƙuba, ya ce hankali bai karɓa ba. Malaman Hadisi kuwa sun gina ilimi sukutum a kan binciken isnadi da halin mai riwaya. Ɗalibin da aka horar a kan wannan, saƙon waya ba zai ruɗe shi ba.

A fannin likitanci, makarantar Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara tun 1969 da ajiye wa ƙaramin rukunin ɗalibai labarin majinyaci kafin a koya musu kome a kan cutarsa, su gano abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su tattauna, hanyar kuwa ta bazu a makarantun likita na ƙasashe da yawa. Mai koyar da aikin gona ko tattalin arziki zai iya yin irinta da gonar da ke bayan katangar jami'a ko farashin masara a kasuwar Dawanau.

Kada wani ya fahimce ni cewa ina yaƙi da hadda. Ba a yin tunani da kai wofi, wanda bai san nassi ba ba shi da abin da zai yi ƙiyasi a kansa, magabatan da na ambata kuwa duk mahaddata ne kafin su zama masu ijtihadi. Ɗalibin likita dole ya haddace ƙasusuwa, na shari'a ya haddace sassan doka. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a nan, a mai da tushe ya zama shi ne ginin.

Amma duk wannan zai tashi a banza matuƙar takardar jarrabawa ba ta sauya ba, domin ɗalibi mai wayo ne, abin da ake ba maki a kansa shi yake karantawa. In malami ya shekara yana cewa ku yi tunani, ranar jarrabawa kuwa ya ce kawo ma'anar kaza, lissafa kaza guda biyar, ya kuma rage makin wanda ya faɗi daidai da kalmomin da ba na handawut ba, to ɗalibai sun gane saƙon, kuma za su isar da shi ga 'yan shekara mai zuwa. Ko tambaya ɗaya ce a cikin biyar, a sa wadda ke kawo halin da ba a taɓa gani a aji ba, a ce yi hukunci ka kawo dalili, a ba da maki a kan ƙarfin dalilin ko da hukuncin ya saɓa wa na malam. Wannan ya ƙara zama tilas tun daga ƙarshen 2022, sa'ad da ChatGPT da ire-irensa suka shigo wayoyin ɗalibai, har aikin gida na shafi goma yakan fito cikin minti guda ba tare da ya ratsa ta ƙwaƙwalwar mai shi ba. Hani kaɗai ba zai yi magani ba. Abin da zai yi shi ne a kira ɗalibi ya kare abin da ya miƙa da bakinsa, ko minti uku ne, ko kuma a kawo amsar na'urar cikin aji a ce su nemo inda ta yi kuskure da inda ta faɗi magana ba hujja.

Na san halin da malamanmu ke ciki, ba kuwa zan yi musu rashin adalci ba. Mutum guda da takardun jarrabawa ɗari bakwai, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga ɗakin da ba lasifika ba wuta, ga zangon karatu da aka matse saboda yajin aiki irin na 2022, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu har Oktoba. Wanda ke cikin wannan in ya ce babu lokacin munazara, uzurinsa abin saurare ne, kuma nauyin gyara wannan yana wuyan hukuma. Sai dai akwai abin da ba uzuri a cikinsa. Malamin da ya mai da handawut haja, wanda bai saya ba ya san makomarsa, ba zai so ɗalibi mai tambaya ba har abada, domin hadda ce kasuwarsa. Akwai kuma giɓin da ba a cika magana a kansa ba: ana ɗaukar mutum koyarwa a jami'a saboda digirinsa da bincikensa, ana yi masa ƙarin girma saboda maƙalolin da ya buga, amma da wuya a taɓa zaunar da shi a nuna masa yadda ake koyarwa, ko wani ya shiga ajinsa ya ga abin da ke gudana, saboda haka sai ya koyar yadda aka koyar da shi. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, amma sauya jerin darussa a takarda ba zai taɓa abin da ke faruwa tsakanin allo da kujera ba.

Saboda haka kirana ga shugabannin sassa da na tsangayoyi shi ne su duba takardun jarrabawar da ake kawo musu don tantancewa, duk wadda ba ta da ko tambaya ɗaya mai neman dalili su mayar wa mai ita ya gyara, su kuma ware rana guda a kowane zango da malaman sashe za su zauna su yi muzakara a kan koyarwa kanta, tsoho ya shiga ajin sabo, sabo ya shiga na tsoho. Iyaye kuma, idan ɗanku ya dawo hutu ya ce ya ji kaza amma bai gamsu ba, kada ku ce boko ya lalata shi. Ku tambaye shi hujjarsa, in ta yi rauni ku nuna masa. Kai kuwa malam, da ka san ɗakinka ya fi ƙarfinka, ban ce ka rushe laccarka ba: a darasinka na gaba ka rage minti goma daga cikin karantawar, ka rubuta tambaya guda a allo, ka bar su su yi gardama a kanta, kai kuma ka sauko daga kan dandamali ka saurare su.